Muhawara: wa ya kalli Suriyothai, fim ɗin sarauniyar Tailan da ta mutu a kan giwa?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya da daddare da aka kawo wuta na zauna na ƙarasa wani tsohon fim na ƙasar Tailan, The Legend of Suriyothai, na 2001 ne, nawa ya ɗan haura awa uku. Ni dai iyakar sanina da Tailan shinkafa ce sai su Tony Jaa masu karya haƙarƙarin mutane da gwiwa, ashe suna da tarihin sarauta mai rikici haka. Labarin wata sarauniya ce a daular Ayutthaya da ta sa kayan yaƙi irin na maza ta hau giwa ta bi mijinta fagen fama lokacin da mutanen ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, suka kawo musu hari, giwar mijin ta firgita ta juya da gudu, ita kuma ta koro tata giwar ta shiga tsakani aka sare ta. To abin da ya tsaya min a rai shi ne, fim ɗin sunanta aka sa masa amma wallahi da na kashe talabijin ba ita nake tunawa ba, muguwar matar nan mai sa guba nake tunawa. Ko ni kaɗai ne?

Sadiq KD: wslm Yaya. ba kai kadai bane wlh, ni har bacci ya daukeni sau biyu kafin azo wajen yakin. sunaye kamar ana karanta takardar magani, kafin ka rike sunan sarki daya ya mutu an nada wani. amma bos din macen nan ta iya wasa gsky, duk sin din da ta fito sai na gyara zama

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Ni kam na kalla tun bara kuma ban yi barci ba, sai dai ina jan kunnen duk wanda zai sa shi a falo, kada ya kalla da yara. Akwai sare kai a fili, akwai kuma wuraren da mata ba su rufe jiki ba, ni sai da na riƙe rimot a hannu kamar mai gadin ƙofa. Abin da ya hana ni sukuni ba yaƙin ba ne, yaron nan ne da aka ɗora a gadon sarauta yana ɗan mitsitsi, bai san hawa ba bai san sauka ba, aka zo aka kashe shi don kawai wani babba yana son kujerar. Na kalli Ilham tana barci a gefe na ji hawaye ya zo min.

Malamin Tarihi: Hajiya wannan yaron ba ƙirƙira ba ne, sunansa Ratsada, shekarunsa kamar 5 aka naɗa shi bayan mahaifinsa ya rasu da cutar agana a 1533, bai yi wata shida ba Chairacha ya kawar da shi ya hau. Sadiq kuma ba laifinka ba ne da ka rikice, daga 1529 zuwa 1548 sarakuna 7 suka zauna a gadon nan, shekara 20 kacal. Kuma suna da wata al'ada a dokar fadarsu, ba a zubar da jinin ɗan sarauta a ƙasa, sai a sa shi cikin buhun karammiski a buge shi da kulkin itacen sandal har ya cika. Wai girmamawa ke nan.

Sadiq KD: sandal dai na turare?? kai Malam, to Allah ya rabamu da irin wannan girmamawar hhhh

Anti Zee: Ni fa kun taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Baban Khalifa gaskiyarka, mai gubar nan Si Sudachan ita ce fim ɗin. Mace tana cikin matan sarki, ta hango mai gadin ɗakin gumaka ta ƙyasa, ta yi ta ɗaga shi daga wannan muƙami zuwa wancan, miji ya tafi, ɗanta na cikinta ma da yake kan mulki bai tsira ba, ta ɗora saurayinta a karaga. Muguwa ce ƙarshe, ban ce ba, amma kana ganin abin da take so da abin da take tsoro, tana dariya tana kuka tana ƙulla tuggu. Ita kuwa Suriyothai daga farko har ƙarshe fuska ɗaya, magana a hankali, kullum shawara mai kyau, ko sau ɗaya ba ta yi kuskure ba. Mutum ne wannan ko hoton kalanda?

Maman Ilham: Haba Zee, yanzu kamun kai ya zama laifi? Mu fa mun saba in ba a ga mace tana tsiwa tana murguɗa baki ba sai a ce ba ta iya wasa ba. Ki tuna farkon fim ɗin, yarinya ce mai rawar kai, tana son Piren tun suna yara, aka ce ga yarima Thien zai aure ta, ta san in ta ƙi gidansu ne zai shiga uku, ta haɗiye ta tafi. Wannan shirun da kike gani na wadda ta binne abu a ciki ne. Mata nawa kika sani a unguwarku da suke haka, ba ki taɓa jin muryarsu ba amma su suke riƙe da gidan.

Anti Zee: Yaya ni ban ƙi ba, yarinyar farko ta burge ni, wadda take satar jiki ta fita kallon giwaye. Amma da ta girma sai ka ce an zare mata batir. In ta binne abu a ciki ai sai darakta ya bar mu mu leƙa ko sau ɗaya.

Malamin Tarihi: To bari in jefa muku wani abu da zai iya raba gardamar nan ko ya ƙara hura ta. Wanda ya shirya fim ɗin, Chatrichalerm Yukol, shi kansa ɗan sarauta ne, tattaɓa-kunnen Sarki Chulalongkorn. Sarauniya Sirikit ce ta tsaya wa aikin, daga wajenta tallafin ya fito. Wadda ta fito a Suriyothai ɗin kuma, Piyapas Bhirombhakdi, ba 'yar fim ba ce, cikin matan da suke yi wa sarauniyar hidima a fada take. Ita kuwa mai fitowa a Si Sudachan, Mai Charoenpura, mawaƙiya ce kuma tsohuwar hannu a harkar. Sojojin ƙasar ma an ba da su dubbai suka cika filin yaƙi, kuma a lokacinsa babu fim ɗin Tailan da ya kai shi cin kuɗi. Yanzu ku faɗa min, ɗan gida ya shirya, uwar gida ta biya, 'yar gida ta hau, ta ina za a nuna jaruma tana kuskure?

Anti Zee: Shi ke nan Malam ka gama min aiki. Allah ya ƙara ilimi.

Baban Khalifa: Ikon Allah, ashe shi ya sa. Ni na ɗauka umarnin darakta ne ta riƙa tafiya kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Amma Malam tambayata a nan, abin ya faru da gaske kuwa? Mace a kan giwa a tsakiyar yaƙi?

Malamin Tarihi: Yaƙin dai ya faru, babu ja. Sarkin Bama Tabinshwehti ya ji labarin fadar Ayutthaya ta hargitse, don saurayin Si Sudachan ɗin, Worawongsa, kwana 42 kawai ya yi a karaga manyan fada suka yaudare shi da labarin giwa suka yi masa kwanton ɓauna a bakin ruwa suka kashe su shi da ita, aka fito da yarima Thien daga gidan ibadar Buda inda ya aske kai ya fake, aka naɗa shi da sunan Maha Chakkraphat. Bai gama zama ba sai ga rundunar Bama a ƙarshen 1548. Littattafan tarihin fadar Siyam, wato Tailan ta dā, sun ce Suriyothai ta fita da shigar maza, kuma mai sarautar garin Prome na ƙasar Bama ne ya sare ta da doguwar adda irin ta kan giwa, 'ya'yanta maza biyu Ramesuan da Mahin suka ƙwato gawar suka kai gari. Amma layuka kaɗan ne, ba shafuka ba. Su kuma littattafan Bama sun ba da labarin yaƙin amma ko sunanta ba su ambata ba. Duk soyayyar nan da Piren da shawarwarin da take ba miji, masu fim ne suka cike gurbi.

Ɗan Maraɗi: Sannunku da hira. Ni Malam a nan zan ɗan saɓa maka. Don abokan gaba ba su rubuta ba ai ba hujja ba ce. Wane sarki ne zai koma gida ya sa magatakarda ya rubuta cewa mun je da giwaye da igwa mun kasa cin garin, abin da muka samu shi ne mun sare mace? Abin kunya ne, shiru za su yi. Kuma har yau akwai hasumiya da sunanta a Ayutthaya, akwai mutum-mutuminta a kan giwa a bayan gari. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Malamin Tarihi: Malam na Maraɗi maganarka ta farko tana da ƙarfi, na karɓa. Ta biyun ce ban karɓa ba, mutum-mutumin nan aikin zamanin nan ne, na ƙarshen ƙarni na 20, shaida ce ta yadda 'yan yanzu suke son a tuna ta, ba shaidar abin da ya faru a 1548 ba. Ni ban ce ƙarya ba ce fa. Cewa na yi abin da aka sani bai cika cokali ba, an dafa tukunya guda da shi.

Maman Ilham: To ai mu ma haka muke da Amina ta Zazzau. An ce ta yi yaƙi, an ce ganuwa, har yau masana ba su daidaita a kan ƙarnin da ta rayu ba, amma wa zai ce a daina ba yara labarinta? Ni da 'yata ta tashi da labarin 'yan rawa gara ta tashi da na mace da ta tare wa mijinta sara.

Anti Zee: Amma Yaya ki lura da bambancin, Amina ita take jan runduna, ita wannan darajarta a fim ɗin ita ce ta mutu don miji ya rayu. Mai son mulki an kafe kanta a kan tsinke, mai sadaukar da kai an gina mata hasumiya. Saƙon ai a fili yake ga duk yarinyar da ta kalla.

Sadiq KD: Anti ai ba don tana son mulki aka kafe kanta ba, don ta kashe mutane ne harda danta fa

Anti Zee: Chairacha da ya kashe yaro ɗan shekara 5 fa, a ina aka kafe nasa kan? Jarumi aka nuna shi yana cin garuruwa.

Sadiq KD: toh nan kuma na ajiye makamai

Jikan Soja: Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Ni duk lokacin da aka ce Bama sai gabana ya faɗi, don kakana na wajen uba yana cikin sojojin da Turawan Ingila suka kwasa daga nan aka kai su yaƙin Bama da Japanawa, a dazukan Arakan. Muna yara yakan ce ruwan sama na can ba ya ɗaukewa, takalmi ya ruɓe a ƙafa, matsattsaku su manne maka ba ka sani ba sai ka ga jini. Ya ce ya ga giwa tana jan gungume kamar yadda jaki yake ɗaukar mangala a nan, mu kuma muna dariya muna cewa tsoho ya fara ƙari. Da na ga fim ɗin nan sai na ce Allah sarki Baba. Abin da bai min daɗi ba shi ne yadda aka nuna sarkin Bama, fuska duk hoda, yana rangwaɗa, kamar ba shi ne mutumin da ya haɗe ƙasa da takobi ba. In abokin gabanka abin dariya ne to mene ne abin alfahari a tare shi?

Ɗan Maraɗi: Allah ya jiƙan Baba. Wannan kam kowace ƙasa haka take yi, a fim ɗin Amurka dubi yadda suke nuna Larabawa, na Indiya dubi yadda suke nuna Pakistan. Su kuma Tailan ba su manta 1767 ba, shekarar da Bama suka ƙone Ayutthaya ƙurmus bayan ta yi sama da shekara 400 tana babban birni. Wanda aka ƙona wa gari ba zai zana maƙiyinsa da kyau ba.

Baban Khalifa: Amin. Ni wajen giwayen ne ya biya ni kuɗin datata. Na mayar da sin ɗin baya ya fi sau biyar. Ashe ba mutum ɗaya ke hawa ba, mai faɗan yana zaune a wuya da doguwar addarsa mai ƙugiya, wani yana tsakiya a kan kujera yana miƙo makamai yana ba da alama, wani a baya wajen wutsiya, sannan a ƙasa kowace ƙafa da mai tsaronta don kada a zo a sare agara. Kamar motar yaƙi mai numfashi. Ga Turawa kuma tsamo-tsamo cikin rikici da bindigoginsu, na ce su kuma waɗannan wa ya gayyace su.

Malamin Tarihi: Turawan Fotugal ne, sojan haya. Tun da suka ci Malaka a 1511 suka bazu a yankin, kuma abin dariyar ɓangarorin biyu duk suna da nasu, Bafotugale yana harbin Bafotugale kowa da mai biyansa.

Sadiq KD: kasuwa bata san dan uwa ba. amma tsaya, ku kuna cewa awa uku, nawa fa awa biyu da wani abu ne, ko an cuceni

Admin: Ba a cuce ka ba Sadiq, kala biyu ne. Na Tailan minti 185 ne. Wanda aka fitar a Amurka a 2003 Francis Ford Coppola ne ya sake yanka shi ya dawo minti 142, shi da daraktan sun yi karatun fim tare a jami'ar UCLA. Akwai ma na awa biyar a faifai ga mai ƙarfin hali. Kuma don Allah a daina turo sitika a tsakiyar magana, na goge guda huɗu yanzu.

Sadiq KD: a gajeren ma nayi bacci sau biyu, na awa biyar sai dai a tasheni da asuba

Jikan Soja: Malam shi Piren ɗin fa, ya ƙare da alheri? Don shi ne namijin duniya a fim ɗin.

Malamin Tarihi: Hmm, nan ne fim ya yi wayo ya tsaya. An ba shi sarautar Phitsanulok da sunan Maha Thammaracha, aka aura masa 'yar Suriyothai. Bayan shekaru sabon sarkin Bama, Bayinnaung, ya aiko a ba shi fararen giwaye biyu cikin bakwai da Chakkraphat yake da su, aka hana, yaƙi ya dawo a 1563. Piren ɗin naku ya koma ɓangaren Bama. Da Ayutthaya ta faɗi a 1569 shi Bayinnaung ya ɗora a karaga a matsayin yaronsa. Wato garin da ta mutu tana karewa, surukinta ya taimaka aka ci shi bayan shekara 20. Sai dai kuma ɗansa, jikan Suriyothai ke nan, shi ne Naresuan, wanda ya tashi a hannun Bama a matsayin garkuwa, ya dawo ya yi musu tawaye a 1584.

Maman Ilham: Innalillahi. Malam ka ɓata min Piren, da ka bar ni da jahilcina.

Ɗan Maraɗi: Naresuan ɗin ma daraktan nan ya yi masa fim, kashi shida, daga 2007 zuwa 2015, wani hafsan soja ne ya fito a sarkin. Na kalli uku na farko. Na ɗaya ya fi daɗi, lokacin yana yaro a Bama ana faɗan zakaru tsakaninsa da jikan sarki. Daga baya sai ja, kamar fina-finanmu masu dogon zango da ba sa son ƙarewa.

Malamin Tarihi: Kuma a kan wannan ne za ku ga abin ba wasa ba ne a can. Da sojoji suka yi juyin mulki a watan Mayun 2014, cikin makonni aka raba tikiti kyauta mutane su je sinima su kalli kashi na biyar, wanda a ciki Naresuan yake karo da yariman Bama Mingyi Swa giwa da giwa a 1593. Tarihin Siyam ya ce sare shi ya yi gaba da gaba, na Bama ya ce harsashi ne ya same shi. A shekarar nan ta 2014 wani dattijon masani, Sulak Sivaraksa, ya yi magana a jami'ar Thammasat yana tambayar ko karon ya faru yadda ake faɗa. Aka kai ƙararsa da laifin cin mutuncin sarauta, sashe na 112, mai ɗaurin shekara 3 zuwa 15, a kan sarkin da ya rasu tun 1605. Sai a Janairun 2018 aka janye tuhumar, lokacin ya haura shekara 80.

Anti Zee: Kai! Wato wannan hirar da muke yi, da a Bankok muke da tuni Admin yana neman lauya.

Admin: Ni ba ruwana, Malam ne ya fara.

Ɗan Maraɗi: Ɗaurin ya yi yawa, ban goyi baya ba. Amma ni har yanzu ina ganin ƙasar da take kashe kuɗi ta nuna wa 'ya'yanta kakanninsu ta fi wadda ta bar su ba su san komai ba. Ɗana ya san sunan 'yan ƙwallon Sifen goma sha ɗaya, na tambaye shi wa ya kafa Maraɗi ya tsaya yana kallona.

Malamin Tarihi: Ka gaya masa da bakinka, har da inda aka yi kuskure. Wannan babu mai ɗaure ka.

Maman Ilham: Ni dai duk abin da za ku faɗa, wajen da aka ɗaura mata sulke tana kallon madubi ba ta ce komai ba, sai na sake kallo. Zee ki zo gida ran Asabar mu kalla tare in nuna miki abin da ba ki gani ba a fuskar nan.

Anti Zee: Zan zo Yaya, amma da sharaɗi, in Si Sudachan ta fito ba za ki taɓa rimot ba.

Sadiq KD: Yaya Baban Khalifa naka mai minti 185 din nauyinsa nawa ne, in shigo shago gobe ka tura min a waya, data ta tayi kasa

Baban Khalifa: Ka zo bayan la'asar, ka taho da cajarka don ba zan ba ka tawa ba.